Kwantenar Farko a Safana

Salmanu na durƙushe yana cusa dutse a ƙarƙashin tayar baya sai ya ji sallama, da muryar da rabonsa da ita tun ranar da ya kora shanunsa kasuwar Batsari. Ya ɗaga kai. Wansa Yero ne, riƙe da keke, ƙafafunsa sun yi futu-futu.

Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da dabbobi. Yero bai ko kalli tirelar ba, alhali rabin Safana sun fito kallon jan akwatin ƙarfen da ke bayanta. Wasu na cewa ɗaki ne, wasu na cewa taragon jirgi ne ya ɓata hanya.

"Inna ce," in ji Yero. "Tun shekaranjiya ba ta haɗiyi komai ba. Da 'yan kasuwa suka ce motarka ta shigo Safana, sai ta ce a kira mata kai."

Salmanu ya waiwayi kwantenar.

Shanun gadonsa kaf ya sayar, ya haɗa hannu da wani Alhaji na Funtuwa suka sayi tirelar, a shekarun da kuɗin fetur ya sa jiragen ruwa suka yi cincirindo a tashar Apapa. Damina guda ya yi yana kwana a ƙarƙashin mota, sauro na shagali da shi, kafin a ba shi wannan lodin na farko. Wakilin da ya ba shi kuwa sai da ya ja masa kunne: dalmar da aka liƙe ƙofar da ita, ɗan kwangila kaɗai zai ɓalle ta. In aka taɓa ta a hanya, sunansa ya mutu a tasha. Ga shi zazzaɓi ya kwantar da mataimakinsa a Funtuwa.

"Hamma, mai kayan zai iso kafin la'asar. Yana karɓa zan taho. Tirela ba ta shiga hanyar garinmu Ruma, ni kuma ba na iya barinta."

Yero ya daɗe yana dubansa.

"To. Zan ce mata kana hanya."

Ya hau kekensa ya juya.

La'asar ta yi, ta wuce. Aka ce ɗan kwangila yana wajen biki a Katsina. Malam Sada, tsohon mai gadin filin da aka ajiye motar, ya kawo masa fura ya zauna kusa da shi.

"Ɗana, je ka ga mahaifiyarka. Ƙarfe ba shi da ƙafa. Ni zan zauna masa."

Har Salmanu ya sa takalmi, har ya kai bakin titi inda wata a-kori-kura ke lodin mutanen Batsari. Sai ya tuna damina guda a Apapa, ya tuna waɗanda suka ce Bafilatani da ya sayar da nagge ya sayi ƙarfe ya sayi nadama. Ya ce a ransa Inna mai ƙarfin hali ce, ta sha kwantawa ta tashi. Ya komo ya jingina da taya.

Sai da hantsi ya dubi ludayi washegari ɗan kwangila ya iso cikin farar Fijo, yana sakace. Ya sa ƙarfe ya ɓalle dalmar, ƙofar ta buɗe da ƙara. Kwalaye ne jere har rufi. Aka farke guda: fankar sama ce, fara ƙal, ta sabon masaukin baƙi da ko rufi ba a yi masa ba.

Salmanu ya dubi titin garin daga farko har ƙarshe. Ko turken wutar lantarki ɗaya babu.

"Ranka ya daɗe, wutar fa?"

"Tana tafe," in ji ɗan kwangila. "Direba, ka yi ƙoƙari. Akwai wasu a Apapa, kai zan ba."

Mota ta sauke shi a Batsari, ya ƙarasa Ruma da ƙafa, yana sassarfa. Tun daga nesa ya hangi maza zaune kan tabarmi a gindin tsamiya. A jikin danga an jingine diga da fatanya, ɗanyar ƙasa ba ta gama bushewa a bakinsu ba.

Ya zube a gefen tabarma. Aka yi masa gaisuwa, ya amsa, bai san me yake cewa ba. Da mutane suka ragu, Yero ya matso. Babu faɗa a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Ta yi ta tambaya har asuba. Na ce mata amanar jama'a ce ta riƙe ka, ta ce to Allah ya yi maka albarka." Sai ya ƙara da cewa, "Wai me ke cikin akwatin nan?"

Salmanu ya sunkuyar da kai, yana murza bakin tabarma.

"Magani ne, Hamma. Na asibiti."

Yero ya yi ajiyar zuciya, ya dafa kafaɗarsa.

"Alhamdu lillahi. Ashe ban yi mata ƙarya ba."