Hotunan da Wakili Ya Nema

A kamfanin zane da talla na kawunta, aikin Auta shi ne rubuta labaran ƙarshen wata, waɗanda ake aika wa abokan hulɗa kuma a sa a shafin kamfani. Kowa a ofis Auta yake ce mata, domin Kawu haka yake kiranta tun tana goye, ko da yake yanzu ita ma tana da 'ya a makarantar firamare. Labaran kashi biyu ne. A sama akwai abin da aka yi wa masu kawo aiki: wane ya sami sabon tambari, wane an ɗaga masa allon talla a bakin titi. A ƙasa kuma aikin da suka yi don Allah a cikin gari. Kashin ƙasan nan shi ta fi so, har abokan aikinta suna tsokanarta wai da ita ce mai kamfanin da tuni sun koma cin lada a maimakon albashi.

A watan nan, aikin ladan na Inna Tela ne, wata tsohuwa da ke koya wa mata kurame ɗinki a unguwar da ke bayan tsohuwar gada. An zana musu allon ƙofa kyauta, shuɗi da fari. Ranar da aka kafa shi, Dogo mai ɗaukar hoto ya tarar mutanen unguwar suna taro a gindin tankin ruwa, a kan jita-jitar da ake yi cewa an sayar da filin da suke zaune a kai. Dogo kuwa hannunsa ba ya zama, ya ɗauki duk wanda ya miƙe ya yi magana. Auta ta zaɓi hoto ɗaya ta sa, ta rubuta a ƙarƙashinsa cewa ga unguwa mai haɗin kai. A saman shafin kuma ta yi maraba da sabon abokin hulɗarsu, wani kamfanin gine-gine da ya ba su aikin allunan tallarsa gaba ɗaya.

Ba a yi mako da fitar labaran ba wakilin kamfanin gine-ginen ya zo. Mutum ne mai tsafta, mai sanyin murya, ba ya zama sai an ce ya zauna. Kawu ya sa aka kira Auta ofishinsa don ta ji yabo da kunnenta.

"Ashe ke ce mai alƙalamin," in ji Wakili. "Labarin kuramen nan ya taɓa mu ƙwarai. Mu ma muna so mu sa hannu. Sauran hotunan fa, suna nan?"

"Na ɗakin ɗinkin? Suna nan, ranka ya daɗe."

"Har da na taron. Duka. Muna so mu san mutanen da za mu taimaka wa, fuska da fuska."

Yana magana yana murmushi, amma idonsa bai bar kanta ba. Auta ta kawar da kai. Ta dubi Kawu. Kawu ya riga ya ɗaga waya yana cewa Dogo ya kwashe hotunan a filash ya kawo.

Bayan kwana kaɗan ta bi ta ɗakin masu zane neman caja, ta ga aikin da ke kan babbar kwamfuta. Zanen rukunin gidaje ne masu hawa, da ciyawa kore shar, da wasu yara a kan kekuna. Ta tsaya tana kallo don ya yi kyau. Sai idonta ya kai gefen hagu, inda mai zanen ya bar tankin ruwa mai tsatsa a wuya, da ƙafar tsohuwar gada a bayansa.

"Wannan ina ne?" ta tambaya.

Mai zanen bai juyo ba. "Hoton filin da suka ba mu ne na ɗora gidajen a kai. Tankin ma cewa suka yi in goge, ban kai wurin ba tukuna."

"Gidajen da ke wurin fa?"

"Su na fara gogewa."

Da aka tashi cin abincin rana ba ta ci ba, ta hau mota ta sauka a bakin gada. Tun daga farkon layin ta ga an shafa wa bangwaye jan fenti, alamar giciye, wani ma bai gama bushewa ba. Ba kowane gida ba ne. Ta wuce kemis ɗin unguwar ta gan shi a rufe da sabon kwaɗo, ga jan fenti a ƙofar. Mai kemis ɗin ta gane shi a hotunan, shi ne wanda ya ɗaga hannu sama yana magana. Matan da suka yi mata guɗa ranar kafa allo yau kallo kawai suka bi ta da shi, wata ma ta ja ɗanta ta shige gida.

A ɗakin ɗinki kekuna suna aiki, amma ba kamar da ba. Inna Tela tana zaune a bakin teburin yanka, almakashi a cinyarta.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yauwa 'yar nan. Shigo, kada ki tsaya a ƙofa."

Inna ta ba ta labari ba tare da ta ɗaga murya ba. Wasu mutane ne suka zo da mota marar lamba, suna bin gida gida da hotuna a hannu. Mai kemis an tafi da shi wai ana binciken magungunansa, har yau ba a san inda yake ba. Wani malami da ya yi ritaya, wanda ya jagoranci taron, an gaya masa a gaban jikokinsa cewa gara ya koma wurin ɗansa kafin damina, kuma ya kwashe kayansa ya tafi. Ita ma sun zo mata. Sun gaishe ta da ladabi, sun tambayi lafiyar ƙafarta, sun ƙirga kekunan.

Wata daga cikin matan ta tsayar da kekenta, ta zo gaban Auta. Ta haɗa yatsunta kamar mai riƙe da kyamara, ta danna, sannan ta nuna Auta da yatsa, ta nuna ƙofa. Auta ba ta iya maganar hannu ba, amma wannan ba ta bukatar tafinta.

"Inna, wallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Abu ɗaya nake roƙo, ku zo ku cire allon nan. Lambar wayata tana jiki, tun shekaranjiya ake kira, in na ɗauka sai in ji numfashi kawai."

Auta ta koma ofis ta shiga wurin Kawu ba sallama, ta rufe ƙofa. A gaban mutane Oga take ce masa kamar kowa, amma yau ba ta da wannan haƙurin.

"Kawu, ka san abin da suka yi da hotunanmu?"

Ya cire tabarau ya murza idonsa. A 'yan kwanakin nan ya faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. "Zauna, Auta."

"Ka sani ke nan."

"Na sani bayan na bayar. Na kira Wakili na ce mun fasa aikin. Kin san abin da ya ce? Bai yi faɗa ba. Tambayata ya yi ko har yanzu matata, Gwaggonki, tana zuwa asibiti ranar Laraba ita kaɗai." Ya tura mata wata takarda. "Ga abin da suke so a labaran wata mai zuwa. Za su ba matan sababbin kekuna, a mayar da su wani wuri a bayan gari. Ki gyara Hausar kawai."

"Ba zan rubuta ba."

"To kada ki rubuta. Amma ki yi shiru, don girman Allah. Uwarki ta bar mini ke amana."

Washegari da hantsi ita da Dogo suka je cire allon. Dogo ya jingina tsani a bango ya hau. Yana kan tsani yana kwance ƙusoshi sai wata mota ta tsaya a bayansu a hankali. Gilashi ya sauka. Wakili ne.

"Malama Auta, aiki ake yi? Madalla. Ai allon ya yi kyau, kada ku yar." Ya gyara zama. "Jiya na bi ta makarantar su 'yarki ana tashi. Mai jan kitso da jaka ruwan hoda, ko? Tubarkalla, kamar ki. Sai dai titin nan nasu motoci suna gudu, a riƙa zuwa ɗaukarta da wuri."

Gilashin ya hau, motar ta wuce. Auta ta juya da sauri ta bugi tsanin har Dogo ya ce ta yi a hankali kada ta kayar da shi. Ba ta jira an sauke allon ba. Ta tare mota ta nufi makaranta, ta ce wa malamar aji yarinyar ba ta da lafiya, ta tafi da ita gida tun ba a yi tara ba.

Ba ta sake komawa ofis ba. Ta gaya wa mijinta komai, suka kai yarinyar gidan yayarsa a wani gari, da sunan hutu. Labaran wata suka fito a kan lokaci, Kawu ne ya rubuta da kansa. A kashin ƙasa an sa hoton Auta tana dariya a ƙofar ɗakin ɗinki, an rubuta cewa kamfanin gine-gine yana godiya ta musamman ga ma'aikaciyar da ta taimaka aka gano iyalan da suka cancanci taimako. An buga shafin da yawa, an liƙa a bangwayen unguwar.

Dogo ne ya kira ya gaya mata. Ya ce an kawo katafila an ajiye a bakin gada, ba a tayar da ita ba tukuna, direban yana kwance a inuwarta. Inna Tela ta kwashe kekunanta a kura zuwa gidan ƙanwarta, ba ta karɓi sababbin ba. Ya ce matar mai kemis ta zo ofis da 'yan'uwan mijinta maza, suna tambayar inda matar da ke cikin hoton take zaune.

"Me aka ce musu?" in ji Auta.

"Oga ya ce bai sani ba. Amma mai gadi ya ce ya ga Wakili ya tsaya da su a bakin get, suna magana."

Auta ta ajiye wayar. Ta leƙa ta taga, layin nasu shiru, sai mai sayar da ruwa da ke tura kurarsa. Ta sa wa ƙofa sakata, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta kira mijinta ta ce ya baro aiki ya taho yanzu.