Injin Gahawar Baba Safiyo

"Riƙe ta ƙasa, Yaya, nauyin a gindi yake," in ji Auta.

Muna tsakiyar matakala ke nan, ni rungume da injin gahawar mahaifinta, ita tana biye da ni da maniƙa da wata leda mai ƙamshi. Da yamma za a sallamo Baba Safiyo daga asibiti, kuma tana so kafin ya shigo a kwashe komai daga kicin ɗinsa.

Auta nas ce, ita kaɗai ta rage a gabansa tun rasuwar mahaifiyarta. Likita ya ce zuciyar tsohon ta kumbura, ya bar gishiri, ya bar gahawa. A kan gishiri ba zai yi gardama ba. Gahawa kuwa, ta san ko ta haɗa shi da Allah sai ya sha a ɓoye. Shi ya sa ta zo wurina. Gyaran wuta nake yi, kuma gidana ne a ƙarƙashin nasu, don haka ƙaryar ta zauna daram: an kawo wuta da ƙarfi, injin ya ƙone, yana hannuna.

Duk benen nan an san injin. Da Baba ya bar aikin awon filaye, wanda ya sa ake ce masa Safiyo, sai da ya shafe watanni yana zaɓe, kamar mai neman aure. Ya raina masu maɓalli, ya ce na malalata ne. Babban ɗansa ya aiko masa da wanda ake jefa wa 'yar kwalba a danna, ya mayar da shi kwalinsa ya tura ƙarƙashin gado. A ƙarshe ya sayi mai hannu, wanda sai ka ja ƙarfe ƙasa da ƙarfinka kafin ruwan zafi ya ratsa garin, ya ɗigo baƙi ƙirin da kumfa a kai. Esfireso yake kiransa. Maniƙar ma ta fi injin tsada, kuma idan ka tambaye shi dalili ka jawo wa kanka lacca.

Ni ne ɗalibinsa tilo. Kullum da safe kafin in fita nakan hau in gaishe shi, ya miƙo mini ɗan finjali. Da kuɗin ƙwayar gahawa ya fara tashi, ya rage nasa daga uku zuwa ɗaya, yana mitar mai shago da ke ɗora laifin kan fari da kuɗin jirgi. Amma nawa finjalin bai taɓa yankewa ba.

Ranar da ya dawo, ya tsaya a ƙofar kicin yana haki, ya saurari bayanin Auta har ƙarshe. Ya zauna. Sannan ya dube ni ya ce, "To Injiniya, yana hannunka. Ka bi shi a hankali." Ban taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, tsokana ce ta bi ni.

Kwanakin farko injin yana lulluɓe da tsohon zanen maiɗakina a bayan ƙofa. Kaina ya riƙa sara da hantsi, ina ɗaure waya ina hamma. Wata safiya na ce bari in jona shi kawai, kada ya yi tsatsa. Da ya yi zafi na ce ai ba a barin inji ya yi zafi a banza. Na buɗe ledar Baba, na ɗebi kaɗan.

Washegari ban ma nemi dalili ba. Nakan rufe tagar kicin, in toshe ƙasan ƙofa da tawul, in niƙa da sauri. Maiɗakina ta tsaya tana kallona da ɗankwali a hannu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai gadi yana cin abin da aka ba shi tsaro ba tare da ya yi sallama da kunya ba. Na ce ƙwayar lalacewa za ta yi idan ta daɗe. Ta ce haka ne, Allah ya saka mini da wannan taimako.

Ina gamawa in kurkure baki in hau gaishe shi. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura har silifa ba ta shiga. Auta ta bar masa ruwan ɗumi da lemun tsami a fulas kafin ta tafi aiki. Kullum sai ya tambayi gyara, ni kuma in ce wani ƙarfe ne ya ƙone, ba a samunsa a kusa, an yi oda. Ya gyaɗa kai. Wani lokaci har shawara yake ba ni, in duba wajen wane, in tambayi wane.

Ranar wata Laraba na same shi a baranda, an jingina shi da matasai, yana kallon masu shanya a benen da ke fuskantarmu. Na fara zancen ƙarfen da aka yi oda, ya ɗaga hannu.

"Injiniya, niƙanka ya yi tsaki-tsaki. Ruwan zuba yake yi kamar famfo. Ka matsa maniƙar baya kaɗan."

Na rasa inda zan sa idona. Ya ce bututun iskar kicin ɗina ta bayan gadonsa ya bi, tun ranar farko yake jin ƙarar niƙan, ƙamshin kuma ya biyo baya. Ya ce bai ji haushi ba, har jiran lokacin yake yi. Abin da ke damunsa kawai shi ne yadda nake ɓata ƙwaya mai kyau.

Sai ya rage murya, ko da yake babu kowa a gidan.

"Akwai saura a ledar?"

"Akwai, Baba."

"Rabin finjali. Ba don in sha duka ba. In jiƙa harshe."

Na ce ina tsoron Auta, ta ba ni amana, kuma likita ya yi magana. Na ce ya bari in lallaɓe ta tukuna. Ya yi ɗan murmushi ya ce gaskiya ne, amana ba wasa ba ce, ya juya ga masu shanya.

Babu saura a ledar. Da safen nan na zazzage ta har ƙurar ƙasa.

Ban je aiki ba, na nufi shagon da yake saye. Mai shagon ya tambayi jikin Baba, ya ɗauko irin wadda yake ɗauka. Da ya faɗi kuɗin na ɗauka da ni yake wasa, ya kai abin da nake samu a aikin kwana da kwanaki. Na juya ledar a hannu, na karanta bayanta kamar na iya yaren, na ajiye. Na ce zan dawo. A hanya na yi wa kaina lissafi mai daɗi: wani mai otal zai biya ni ranar Asabar, kafin nan na shawo kan Auta, a yi komai a sarari.

Alhamis da Juma'a ban hau sama ba. Na aika maiɗakina ta gaishe shi, na ce aiki ya yi mini yawa.

Ranar Asabar da rana na sayo ledar, ƙarama, na sa ta cikin jakar kayan aiki. Tun daga bakin titi na ga takalma a ƙofar bene, har kan matakala. Maiɗakina ta tare ni a ƙasa, idonta ja. Ta ce bayan azahar ne ya cika, yana zaune a kujerarsa, Auta na yanke masa farce.

Na yi duk abin da maƙwabci ke yi. Na ɗauko kujeru, na jawo waya zuwa tsakar gida saboda fanka, na karɓi gaisuwa kamar ɗan gida. Mutane suna ta cewa ai ni ne ɗansa na ƙasa, kullum ina wurinsa. Ina amsawa.

Da baƙi suka ragu bayan 'yan kwanaki, Auta ta sauko da hantsi, ta tsaya a ƙofar kicin ɗina. Na riga na goge injin na naɗe wayarsa, na ce yanzu nake shirin hawo da shi. Ta girgiza kai, ta ce in riƙe, ita ba za ta iya ganinsa a can ba. Ta ce likitan ya gaya mata tun a asibiti cewa saura kaɗan, ita ce ta ƙi ji. Ta ɗauka idan ta hana shi komai za a ƙara mata shi.

"Ya taɓa roƙonka, Yaya?"

Maiɗakina tana wanke-wanke, ta tsayar da hannunta cikin ruwa.

"Sau ɗaya," na ce.

"Ka hana shi saboda ni."

Na buɗe baki, ta riga ni. Ta ce in yafe mata, ita ta sa ni a wannan hali. Tana kuka tana ba ni haƙuri, ni kuma ina tsaye ina cewa ba komai, ba komai.

Da ta share fuska sai ta ce shekara da shekaru tana wanke finjalan nan, ba ta taɓa kai ɗaya baki ba. Ta ce in haɗa mata.

Na farke sabuwar ledar, na niƙa, na danna garin, na ja ƙarfen. Ya fito da ɗaci fiye da kima. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta sake kurɓa, har ta shanye a tsaye. Ba ta miƙo mini finjalin ba. Ta riƙe shi da hannu biyu a ƙirjinta, tana kallon tsakar gida ta taga, inda mai ba da hayar kujeru yake ɗora su ɗaya kan ɗaya yana kaiwa mota.