Ranar da Agogon Baban Gloria Ya Tsaya

Mijina Bulus, Baban Gloria, aikinsa ɗaya ne a cocinmu na Narayi, kuma ya fi son aikin nan da tuwon dare. Shi ne mai lura da lokaci. Yana zama a bencin gaba, in wa'azi ya kai iyakarsa sai ya ɗaga hannu, Fasto ya rufe Littafi. Fastonmu kuwa, Allah ya ƙara masa lafiya, in ba a tare shi ba sai ya kai mu Litinin.

Matsalar ita ce Timothy, wani matashi cikin dattawan coci da ya sa wa kujerar ido. Wai agogon Bulus ya tsufa. Maganar ta ci maigida, ya kwashi kuɗin fanshonsa sai wurin Zakariyya'u mai sayar da agoguna na hannu. Ya dawo da wani mai ruwan zinariya, yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

"Maman Gloria, ɗan Suwizalan ne! Wani babban mutum ya ɗaura shi a Turai. Mai batir ne, ba ya ƙara minti, ba ya ragewa."

"To an sa masa sabon batirin?"

"Zakariyya'u ya so ya buɗe, na hana. Batirin Turai ne a ciki, ki ce a sa masa na bakin titi?"

Na ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ai zai ji hoho.

Ran Lahadi ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Fasto ya fara da Ibrahim. Ya wuce Yusufu, ya raba Jan Teku, Bulus ya duba agogo ya gyaɗa kai. Fasto ya saci kallonsa, ya ga hannu a ƙasa, sai ya cire kwat. Yara suka fara kuka, matan zumunta suna fifita da takardar waƙa, ni kuwa waken da na bari kan gawayi ne a raina. Timothy ya miƙo wa Bulus waya a ɓoye don ya ga lokaci, ya ture.

"Da saura," in ji shi. "Wannan ba ya ƙarya."

Kai! Sai da Fasto ya shiga Ru'ya ta Yohanna, can ƙarshen Littafi, muryarsa ta dushe, ya rufe don kansa. Ashe agogo tun wajen Ibrahim ya mutu.

A ranar dattawa suka ba Timothy kujerar. Na so in yi wa Bulus tas, amma ganin shi zaune a tsakar gida bai ko cire takalmi ba, sai tausayi ya kama ni. Na kankare masa ƙanzon waken na kawo.

Da yamma sai ga Fasto da fara'arsa.

"Dattijo, ka sayar mini da agogon nan."

"Baba Fasto, ai ya tsaya."

"Na sani. Bar shi haka."

Ko ciniki bai yi ba, ya biya.

Lahadi ta zagayo, muka zauna a bencin baya. Bayan an tara kuɗin baiko Fasto ya kira Timothy gaba, ya ce sabon ma'aikaci ya cancanci kayan aiki. Ya ciro agogon, ya ɗaura masa da hannunsa, ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, jama'a na tafi.

Bulus ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Maman Gloria, kin sauke waken?"