Sauro a Ƙofar Kaka Vaitoa

Muna cikin jirgin ruwan da ke tsallakar da mu zuwa tsibirin Savai'i. Da tudu ya fara bayyana, Baba ya juyo gare ni.

"Kai yaro, maimaita."

"Kwakwa, gwaza da kaza, yadi, alade, sannan tabarma."

"Wa kake faɗa wa? Gwiwarka?"

Gwaggo Telesia, ƙanwarsa, ta kwashe da dariya. "Haba Yaya, bar Sauro ya huta mana. In ya ƙarar da 'yar muryar a nan, me zai kai can?"

Sauro dai ni ne. Sunana Aleki, amma ko malamanmu sun manta. Shekarata goma sha biyar a lokacin, muryoyin sa'o'ina duk sun buɗe, tawa ta tsaya siririya ta ƙi gaba. Na tsani sunan nan, na tsani muryar fiye da sunan, sai na koyi kama bakina. Ko na san amsa a aji, gara a ce ni daƙiƙi ne.

Shekara uku rabonmu da dangin mahaifiyata, Sialei. Da ta rasu Baba ya binne ta a ƙofar gidanmu a tsibirin Upolu, kamar yadda ake yi a wajenmu, ita kuwa mahaifiyarta, Kaka Vaitoa, ta so a kawo mata 'yarta a binne a ƙofar nata gidan. Tun daga ranar ba ta ƙara furta sunan Baba ba. Yanzu Kawu Ropati, ɗan'uwan Mama, ya aiko mu je, kuma kowa ya san za su ba Baba sua, kyautar karrama baƙo. Wanda aka ba sua kuwa, dole saurayi daga ɓangarensa ya fita fili ya yi shelarta, abu bayan abu, yadda ƙauye zai ji. In ba a ji ba, an ce wa masu gida ke nan kyautarsu ba ta kai a ambata ba.

Aikin yayana Penaia ne, mai murya kamar ganga. Sai ya zaɓi wannan watan ya tafi New Zealand tsinkar tuffa, Allah ya saka mini. Sati biyu ina shiga gonar ayaba ina kwaikwayonsa, ina danne maƙogwaro har ya yi ciwo.

Rana na tsaka muka isa. Aka zaunar da Baba a babbar rumfar taro, jikin ginshiƙin baƙi, ni da Gwaggo a baya. Na duba ko'ina ban ga Kaka ba.

"Tsohuwa ba ta jin daɗi," in ji Kawu Ropati, idonsa a ƙasa.

Ƙarya ce, kuma Baba ya san ƙarya ce, don na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Can gefen fili, wajen taku arba'in, akwai ɗan ɗakinta, an saki labulayen kaba duk da zafin. 'Yar Kawu, Losa, ta durƙusa tana miƙa mini ruwa, ta yi mini raɗa.

"Idonta ya tafi, amma kunnenta ras. Ta ce za ta saurara ta ji ko gidanku da sauran tarbiyya. In babu, ku bi jirgin yamma. Ina Penaia?"

"Ba ya nan."

"To wa zai yi?" Ta ƙare mini kallo. "Kai? Wayyo Allah."

Aka yi jawabai, ban ji ko ɗaya ba. Sai ga 'yan mata sun jero. Kwakwa ta wuce, gwaza da kaza a kan faifai, yadi, samari biyu da alade a kafaɗa. Daga ƙarshe mata biyu suka ware tabarmar alfarma suka zagaya da ita. Tsohuwa ce, ta yi laushi, jajayen gashin tsuntsun da ke bakinta sun koɗe. Na san ta. Mama ta sha ba ni labarin yadda ta yi shekara biyu tana saƙa ta tun tana budurwa, ga ma gurbin da ta yi kuskure a kusurwa. Baba ma ya gane ta, ya sunkuyar da kai.

Gwaggo ta mintsine ni. "Tashi, kar ka kashe mu."

Na fita ta baya a duƙe. Yashi ya ƙona mini tafin ƙafa. Yara sun cika gindin bishiya, mata sun leƙo daga wurin girki, kowa ya zuba mini ido. Na danne maƙogwaro kamar yadda na koya, na buɗe baki da muryar Penaia.

"Ku saurara, ya manyan..."

Nan ta tsage. Wani ƙara ya fito irin na ɗan tsako da aka taka. Yaran suka fashe da dariya, wani ya kwaikwaye ni. A cikin rumfa tsit, kuma shirun nan ya fi dariyar ciwo. Na sake gwadawa, ko iska ba ta fito ba. Wallahi na ji tsoro. Na duba hanyar bakin teku, na auna ta da ido, na ga minti biyar ta ishe ni in ɓace.

Sai na ga labulen ɗakin Kaka ya motsa. Hannu ya fito, ya laluba igiyar, ya ƙara jan labulen ƙasa.

Abin da ya taso mini ba jarumta ba ce, haushi ne. Tabarmar uwata na shimfiɗe a gaban jama'a, ni kuma ina tsaye ina aron maƙogwaron wani. Na saki wuyana, na juya na fuskanci ɗakin, na ƙwala da muryar da Allah ya ba ni.

"Ku saurara, ya manyan wannan gari da masu magana da yawunsa! Ga karramawar da gidan Vaitoa ya yi wa mahaifina!"

Siririya ce, ba ta canza ba, amma ashe tana da nisa. Na ji ta bugi bangon coci ta dawo. Wani yaro ya fara dariya, uwarsa ta make shi.

"Ga kwakwar sha! Ga gwaza da kaza! Ga yadin sutura! Ga alade, ƙato, ba a rage komai ba!" Na ja numfashi. A al'ada sai dai in ce ga tabarma in yi godiya, amma bakina ya riga ni. "Ga tabarmar alfarma, saƙar Sialei, 'yar wannan gida! Mun gani, mun karɓa, mun gode!"

Gwaggo ta dafe kai. Ba a ƙara wa shela gishiri, kowa ya sani. Na tsaya ina jiran hukunci.

Labulen ya ɗaga. Kaka Vaitoa ta fito tana dogara sanda, ta rame fiye da yadda na san ta. Losa ta ruga ta riƙe ta, Kaka ta ture hannun. Inda ta ji muryata ta biyo har ta iso gabana, ta shafa fuskata.

"Kai wane ne?"

"Aleki ne, Kaka."

"Sake faɗa."

"Aleki ne."

Hannunta ya sauko kan maƙogwarona ya tsaya. "Haka Sialei take kirana daga bakin teku," ta ce. "Sak. Wane mugun ne ya ce ka ɓoye ta da farko?"

Kuka ya ci ƙarfina. Ta kama kafaɗata ta juya wajen rumfa.

"Kai ni wurin ubanka. Kuma ka riƙa yi mini magana a hanya."