Ajin da Aka Ce Kada Ya Sauya

Bas ɗin ya hau gada ke nan, Tabawa ta zunguri mijinta da gwiwar hannu, ta ce ya daina share zufa da hula, mutane na kallo. Malam Sadi ya mayar da hular kansa, ya ɗora laifin a kan zafin gari. Ita ko a jikinta. Ta sha sabon leshi, tun daga Adjamé take lissafa masa yadda ɗalibanta suka farka a bana.

Taro za su a Treichville, inda Dakta Ikilima ta jami'a za ta bayyana sakamakon bincikenta kan koyar da kimiyya da lissafi. A farkon shekarar karatu ta yi wa makarantu ƙuri'a. An horar da malaman rabinsu kan sabuwar hanya: a bar yara su yi hasashe, su yi gardama, su gwada da hannunsu, sannan malami ya sa baki. Sauran rabin, waɗanda ta kira témoin, aka roƙe su su ci gaba da koyarwa yadda suka saba, don a sami abin kwatantawa. Makarantar Tabawa ta faɗa cikin waɗanda aka horar. Ta Sadi, da ke Bromakoté, ta faɗa cikin témoin, kuma da bakinsa ya yi alkawarin ba zai sauya ko kalar alli ba.

Sai dai Tabawa ba ta iya koyon abu ta bar shi a waje. Wata rana suna cin aceke, dambun rogo, da kifi ta ajiye masa bokitin ruwa da lemo biyu, ɗaya da ɓawo, ɗaya a ɓare, ta ce ya faɗi wanda zai nutse. Ya tuna mata cewa shi malamin kimiyya ne. Ta ce ai ba takardar shaidarsa ta tambaya ba. Ya zaɓi mai ɓawon, tunda ya fi nauyi, sai ga shi yana yawo a saman ruwa, ɓararren kuma ya kwanta a ƙasa.

Kashegari da azahar ya juyo daga allo ya tarar rabin aji na gyangyaɗi, sauran na sauraron yaran motocin gbaka suna kiran fasinja a titi. Ya fita bakin ƙofa ya sayo lemo, ya ari bokitin mai shara. Ranar sai da mai gadi ya kore su. Nuriyya, wadda tun shigarta ajin bai san muryarta ba, ta tsaya kai da fata cewa iska ce a cikin ɓawon. Daga nan komawa baya ta gagare shi. Duk dabarar da Tabawa ta gwada a kansa da yamma, da safe tana Bromakoté, wani lokacin har da bokitinta. In masu sa ido na Dakta za su zo, sai ya ɓoye bokiti ya cika allo da rubutu, yaran kuma su taya shi da hamma. Tabawa kam bai gaya mata ba.

Suka sauka kusa da Gare de Bassam, suka shiga ɗakin taron. Dakta Ikilima ta haska zane a bango, tana bayani da Faransanci, muryarta ba laka. Azuzuwan da aka horar sun ci gaba sosai, in ji ta, amma témoin ma sun ci gaba. Tazarar ba ta kai a ce sabuwar hanyar ce ta yi aiki ba, don haka masu ɗaukar nauyin binciken ba za su kai horon sauran makarantu ba. Ta ƙara da cewa ajin da ya fi kowanne ma témoin ne, a Bromakoté.

Aka juyo ana tafa wa Sadi. Wani dattijon shugaban makaranta ya miƙe ya ce dama ya faɗa, allo da alli da hadda su suka yi kowa a ɗakin nan, wasa da bokiti ɓata lokaci ne. Sadi ya saci kallon matarsa. Ita ma tana tafa masa, amma idonta ya kawo ruwa.

Bai san sa'ad da ya miƙe ba. Ya fara da Faransanci, ya sarƙe, ya koma Hausa. Ya ba da labarin lemo, da bokiti, da hammar ƙarya, ya nuna Tabawa ya ce ga inda ya kwaso. Masu jin Hausa suka fara dariya, sauran na neman a fassara musu.

"Malam," in ji Tabawa a hankali, "shi ya sa bokitina ya yi ƙafa?"

Dakta Ikilima ta cire tabarau. Haifaffiyar Treichville ce, Hausarta ba ta fitowa sai an kai ta bango.

"Malam Sadi, matarka ce? Donc shekara guda ina auna hanyata da hanyata?"

Ya amsa da kai. Sai kuma fuskarta ta fara washewa. Ta ce ba komai, aji ɗaya ne, za ta cire shi ta bayyana dalili, sakamakon zai miƙe. Har ta koma gaban na'urarta, sai ta waiwayo.

"Ba ka dai gaya wa kowa ba ko?"

Sadi ya tsura wa takalminsa ido. Akwai majalisar shayi da malaman unguwa ke zama bayan Juma'a, kuma shi mutum ne da abin daɗi ba ya kwana a cikinsa. Daga bayan ɗakin Malam Lukumanu, mai koyar da lissafi a wata makarantar témoin, ya ɗaga hannu kamar wanda aka kama da amsa a tafin hannu. Malam Abdulbaqi ya bi. Wata malama da Sadi bai taɓa gani ba ita ma ta ɗaga, ta ce ita a wurin Abdulbaqi ta samo.

Dakta ta daɗe tana kallon hannayen. Binciken da ta tsara ya rushe, kowa ya ga haka. Ta kashe zanen bangon, ta ja kujera zuwa tsakiyar ɗakin, ta ajiye wayarta a kai ta danna ɗaukar murya.

"Duk wanda ya ɗaga hannu ya matso," ta ce. "Ban taɓa samun malamin da ya saci hanyar koyarwa ba. Ina so in ji wa ya ba wa, kuma me ya sa kuka ɗauka."

Sadi ya gyara murya zai fara. Tabawa ta riga shi jan kujera.

"Zauna tukuna, Malam," ta ce. "Daga kicin ɗina aka fara."