Idon da Ya Ga Gonar Malam Datti

Ruwan da ya sauka a Toranke cikin Agustan bara ba na shuka ba ne, na gwaji ne. Ya kwanta a gonar gyaɗar Malam Datti har ganye ya ruɓe, wari ya tashi. Gonar nan ta gado ce, kuma ita ya jinginar ya karɓi taki da iri ta hannun ƙungiyar manoma, aka haɗa masa da inshora. In inshora ba ta biya ba, gona ta tafi.

An gaya masa tun farko cewa asara tana da wa'adin kai rahoto. Amma Datti mutum ne mai jin nauyin kai kuka. A ganinsa, gaggawar faɗin asara kamar ƙarar Ubangiji ce. Bai kai rahoton ba. Maƙwabta kuwa, da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka kira gayya, suka tuge ruɓaɓɓiyar gyaɗa, suka yi huɗa, suka zuba masa wake kafin damina ta juya baya. Alheri suka yi, sai dai alherin ya share shaida.

Badaru, taubashinsa, shi ya tsaya masa a wuya.

"Kai dai zauna kana tawakkali. Gobe wa'adi ya cika, jibi ka zama ɗan ƙodago a gonar ubanka. Ni zan ɗauke ka aiki, ladanka tuwon dawa."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Datti. Amma da safe ya hau bayan babur ɗin Badarun, suka bi ta Ajingi suka nufi Gaya.

A ofishin inshorar suka tarar da ma'aikaciya, Hidaya sunanta. Ta gaishe su da ladabi, ta ce, "Baba, akwai hoton ɓarnar?"

"Babu, 'yata. Wake ne a wurin yanzu, har ya yi kunne."

"To me jami'inmu zai je ya gani?"

Datti ya sunkuyar da kai. Ya fara tattara bakin rigarsa zai miƙe, sai ta ce ya dakata. Ta tambayi sunan ƙungiyarsu, ta danna kwamfuta, ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

Da fari bai gane komai ba, zane-zane ne kore da ja. Can sai ya ga hanyar shanu ta lanƙwasa yadda ya san ta. Ya ga duhun tsamiyar da mahaifinsa ke hutawa a gindinta. Gefenta kuwa ga gonarsa, ruwa ya shafe ta tun daga iyakar gabas har kwari.

"Wa ya hau sama ya ɗauko wannan?"

"Tauraron ɗan'adam ne, Baba. Yana wucewa yana ɗauka."

"Ranar nan ba kowa a gonar. Ni kaina ban iya zuwa ba."

"Shi ya je."

Datti ya matso kusa da kwamfutar. Gani ya kori ji. Ya daɗe yana kallo, leɓunansa na motsi da tasbihi. Ƙarfe ne fa, ɗan'adam ya ƙera ya cilla, ba ya gyangyaɗi, bai san Datti ba, amma ya riƙe masa shaida. To ina ga Wanda ya halicci maƙerin?

Hidaya ta shigar da rahotonsa, ta ce, "Kun zo a kan gaɓa. Da gobe ce, hoton nan ba zai cece ku ba, na'urar ba ta karɓa in wa'adi ya wuce."

Wannan ma ya shige shi. Shaida tana nan, amma ƙofa tana da lokacin rufewa. Wanda ya ji ya ji.

A hanyar komawa Datti sai ɗaga kai yake yana duban sararin da babu komai a cikinsa sai shirwa guda. Da suka iso gonar ya sauka, ya tsaya a cikin waken, gonar ubansa tana nan a hannunsa.

Badaru ma ya ɗaga kai, ya gyara hula.

"Daga yau na daina barcin rana a gindin tsamiyar nan. Ashe ana kallo."

"An daɗe ana kallo," in ji Datti.