Shawarar da ta ci mana kofi

Malamin da ke koya mana shugabanci ko layin famfo bai taɓa shugabanta ba, amma shi ya raba mu huɗu-huɗu, ya ce za mu shiga gasar warware matsalar kasuwanci. Ni aka naɗa shugaban rukuninmu, don ni kaɗai na makara ranar zaɓe. Sauran su ne Mai Kwat, wanda ko zafin rana ba ya raba shi da kwat, da Kalkuleta, wadda gaisuwa ma sai ta lissafa ribarta, sai wani da muke kira Na Goyi Baya, don iyakar abin da muka taɓa ji daga bakinsa ke nan.

Aka ba mu takarda shafi goma a kan wani kamfanin sabulu da cinikinsa ke ja da baya. An ɓoye sunansa, wai sirri. Sirrin banza! Ina kaiwa shafi na uku na gane wurin. Mata goma sha huɗu a dogon tebur suna naɗe sabulu da hannu, fanka ɗaya a kansu. Na san teburin nan. Fankar ma na san ta, ba ta juyawa sai an zungure ta da sanda. Shekara goma sha tara Mama tana zaune a kujerar ƙarshe.

Kalkuleta ko minti biyar ba ta yi ba. "A sayo inji, a sallami matan. Shi ke nan."

Na ce, "Ko a mayar da su wani sashen?"

Mai Kwat ya gyara wuyan riga. "Haba shugaba, ba ka duba takardar maki ba? Yanke shawara mai ɗaci, maki ashirin. Tausayi ko layi ba a ba shi ba."

Na Goyi Baya ya goyi baya.

Da na ce musu uwata tana cikin matan, wallahi da sun bari. Amma tun shekarar farko nake cewa Mama tana harkar masana'antu, na bar su suna zaton abin da suke zato. Na lallashi kaina da cewa wasan ɗalibai ne, wa zai ɗauke shi da gaske?

Ranar gasa sai ga manajan kamfanin da kansa a tsakiyar alƙalai, mutumin da hotonsa ke kan kalandar falonmu. Rukuni shida suka yi bayani yana hamma. Ina zuwa kan abin da muka raɗa wa suna "rage wa kamfani nauyi", ya gyara zama.

"Kai ne shugaban? Ka yarda da wannan har cikin zuciyarka?"

Malam ya zuba mini ido, biro a sama. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, wanda ke jin tsoron ɓata wa mutane rai bai isa shugaba ba." Zaure ya ɗauki tafi. Malam har da share hawaye.

Da manajan ya zo miƙa mini kofi, ya riƙe hannuna ya yi ƙasa da murya. "Shekara biyu ina son yin haka, nauyin matan nake ji. Yanzu sai in ce binciken jami'a ne. Ƙarshen wata za mu fara."

Da na koma gida na tarar Mama ta dawo daga aiki, ta tsoma ƙafafunta a robar ruwan ɗumi. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta goge shi da gefen zaninta, tana juya shi tana dariya. Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba.

"Me ka ce musu har suka ba ka wannan?"

"Bayani ne kawai, Mama."

"Allah ya yi maka albarka. Gobe da shi zan tafi wurin aiki, matan teburinmu su gani. Kullum sai sun tambaye ni kai. Su ma ai kai ɗansu ne."